Shukar Cikin Ɗaki a Lokacin Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin shuke-shuken da ake ajiyewa a falo don ƙawata gida 'yan ƙasashen zafi ne. Sansaberiya, mai dogayen ganye a miƙe masu zane-zane, asalinta Afirka ta Yamma ne, daga Najeriya har Kongo. Ɓauren nan mai manyan ganye da ake yayinsa a gidajen Turai da Amurka, wanda masana ke kira Ficus lyrata, daga dazuzzukan da ke tsakanin Saliyo da Kamaru ya fito, dangin durumi ne da gamji. Monstera mai tsagaggen ganye 'yar kudancin Meziko ce da Amurka ta Tsakiya. Babu wadda ta san dusar ƙanƙara a cikinsu. Tambayoyin farko a nan na mazauna Ingila ne da Kanada da Jamus da makamantansu, inda yini ke gajarcewa sosai. Daga baya za a zo kan hunturunmu na gida, wanda matsalarsa daban ce, kusan ma akasin waccan.

Ruwan da na saba ba shukata shi nake ba ta, amma tun shigowar Nuwamba ganyenta ke komawa ruwan ɗorawa yana zubewa. Me ya same ta?

Ruwan nan da kika saba ba ta, Hajiya, shi ne ya same ta. Sanyi ake ɗora wa laifi, amma a ɗakin da ake kunna hitar ɗumama ɗaki ba kasafai sanyi ke kashe shuka ba. Ƙarancin haske ne ke haɗuwa da yawan ruwa su gama da ita.

A Landan, ranar 21 ga Disamba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta bai cika awa 8 ba, alhali a watan Yuni yakan haura awa 16. A Edinbara bai ma kai awa 7 ba, a Toronto kuma kusan 9 ne. Ranar da ta fito ɗin ma ba ta hawa sama, can gefen kudu take bi ƙasa-ƙasa, galibi a bayan gajimare. Wanda ya taso a Kano, inda yini mafi gajarta ya doshi awa 11 da rabi, ba lallai wannan ya zo masa a rai ba.

Da haske shuka ke haɗa abincinta. In ya ragu sai ta rage aiki, ta daina toho, ta rage shan ruwa. Tukunyar da ke bushewa cikin kwana huɗu a watan Yuli tana iya yin mako biyu ko uku a jiƙe a watan Janairu. In aka ci gaba da zuba mata ruwa duk Asabar kamar da, ruwan zai toshe 'yan ƙofofin iskar da ke cikin ƙasar, ita kuwa saiwa ba ta rayuwa sai da iska. Sai ta shaƙe ta fara ruɓewa daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Kafin ganye ya nuna, ɓarnar ta yi nisa.

Amma kada hankalinki ya tashi don tsohon ganye ɗaya ko biyu sun faɗi daga can ƙasa. Wannan rage kaya ne, kowace shuka tana yi. Abin dubawa shi ne ganye da yawa su canza a lokaci guda, su yi laushi, ƙasar kuma a jiƙe sharkaf.

To yaya zan gane lokacin da take son ruwa?

Ki manta da ranakun mako, ƙasar za ki duba. Ki tura ɗan yatsa har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyin danshi, ƙasa ta manne miki a yatsa, ki ƙyale ta. In ya fito a bushe, lokaci ya yi. Babbar tukunya kuwa yatsa ba ya isa: a soka dogon tsinke har gindi, a bar shi minti ɗaya a zaro. Tsinken da ya fito da duhu da 'yar laka a jikinsa yana nuna akwai sauran ruwa a ƙasa, ko da saman ya bushe ƙayau. Ɗaga tukunyar ma yana faɗar gaskiya. Wadda ta sha ruwa da wadda ta bushe ba nauyinsu ɗaya ba, kuma hannu yakan koyi bambancin da wuri.

In za ki ba ta, ki ba ta sosai har ruwa ya ɓullo ta hujin ƙasa, ki jira kamar minti 15, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti. 'Yar yayyafin cokali biyu kullum ba ta amfanar kowa: sama ya jiƙe, saiwar ƙasa na ƙishi. Ki kula musamman da tukunyar ado, wadda ba ta da huji, da ake zura ta roba a cikinta. Ɗaga ta robar ki leƙa. Sau da yawa za ki tarar da ruwa kwance mai yauƙi da ɗan wari, gindin tukunyar na zaune a ciki tun makonni.

Ruwan famfo a watan Janairu sanyi gare shi ƙarara. A tara shi a buta ya kwana a ɗaki, a ba da shi da safe.

Ba duka shuke-shuke ne buƙatarsu ɗaya ba. Masu ajiye ruwa a jikinsu, irin su sansaberiya da alobera da kaktus mai ƙaya, sau ɗaya a wata ya ishe su a wannan lokaci, wasu ma ƙasa da haka. Masu siririn ganye 'yan ƙurmi ba a barinsu su bushe ƙarmas, sai dai su ma a rage.

Tawa ta yi yaushi, na ƙara mata ruwa, ba ta miƙe ba. Ƙasar ma a jiƙe take.

Dakata da ruwan, Malam. Yaushi iri biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya: na ƙishi, da na ruɓewar saiwa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, don haka ganye ke ƙishi ko da tukunyar ta cika taf.

Kife tukunyar a tafin hannunka ka zare shukar da ƙasarta. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, da ƙwari in ka matsa. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, ta yi luguf, in ka ja sai ɓawonta ya saɓule ya bar wani zare siriri, ga kuma warin kwata. Yanke duk ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, ka karkaɗe jiƙaƙƙiyar ƙasar, ka mayar da shukar cikin sabuwar ƙasa a tukunya ƙarama mai huji. In saiwa da yawa ta tafi, rage ganyen ma, don 'yar da ta rage ba za ta iya ciyar da su duka ba. In kuwa ruɓar ta hau har gindin kara, kada ka wahalar da kanka. Yanki reshe mai lafiya daga sama ka tsoma a kofin ruwa kusa da taga. Shuke-shuke masu yaɗo sukan fitar da sabuwar saiwa, ko da yake a sanyi abin yana jan lokaci.

Ina ya fi dacewa in ajiye su?

Kusa da taga, kuma tagar da ke kallon kudu ta fi kowacce a wannan lokaci. Ta gabas da ta yamma suna biye. Tagar arewa a Ingila a watan Disamba ba ta ganin rana ko kaɗan. Wanda ke Johannasbag ko Ostareliya sai ya juya maganar: sanyinsu daga Yuni ne zuwa Agusta, tagarsu mai rana kuma ta arewa ce.

Idon mutum yana ruɗi a nan. Lungun falo da kake gani da haske, har kana karatu a ciki, ga shuka duhu ne. Haske yana raguwa da sauri da zarar an ja baya daga gilashi, taku biyu ko uku sun isa su cinye mafi yawansa. Shukar da ta ji daɗin lungu a watan Yuni sai a matso da ita yanzu. A goge gilashin, a yaye labule tun da sassafe, a riƙa juya tukunyar kaɗan-kaɗan duk mako don kada ta karkace wajen neman haske. Sabon reshe dogo siriri mai ƙananan ganye jefi-jefi alamar yunwar haske ce.

Sai dai da dare bakin taga yakan zama wuri mafi sanyi a ɗaki. In ka ja labule mai kauri ka bar tukunyar tsakaninsa da gilashi, ka rufe ta ne cikin sanyi, zafin ɗakin ba ya isa gare ta. A shigo da ita ciki kafin a ja labule, kuma kada ganye ya jingina da gilashi. Inda ya taɓa yakan wayi gari baƙi, a jiƙe.

Ɗakina a ƙarƙashin ƙasa yake, tagar 'yar ƙarama ce. Fitila za ta yi?

Za ta yi. Akwai ƙwan LED da ake yi don shuka, amma farin ƙwan LED mai ƙarfi ma yana taimakawa in an kusanto da shi, kamar santimita 20 zuwa 30 daga ganye. A bar shi a kunne awa 12 zuwa 14, a kashe da dare, don shuka ma tana buƙatar duhu. Ƙwan da ke can manne a silin bai shiga lissafi ba.

Wane sanyi ne ya yi musu yawa? Ko in matso da su kusa da hita?

Mafi yawansu suna jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salshiyas, wato yanayin da kai ma kake so. Ƙasa da digiri 10 zuwa 12 suna fara wahala. Ɗoɗɗoya ta fi kowa raki, ganyenta yakan yi baƙi da ɗan sanyi kaɗan, yayin da na'a-na'a ba ta damu ba.

Kusa da hita kuwa, a'a. Zafinta busasshe ne, yana ƙona bakin ganye, kuma a gidajen Ingila yawanci a ƙarƙashin taga ake kafa ta, daidai inda kake son ajiye shukar. Sai ka ga ganye na gasuwa da yamma, da asuba kuma yana daskarewa. Wannan hawa da sauka ya fi sanyin kansa illa, dangin ɓaure ma har zubar da ganye suke yi saboda shi. Mafita ita ce ɗan teburi a gefe, taku ɗaya daga hitar. Haka nan bakin ƙofar waje, inda iska ke kaɗowa duk lokacin da wani ya shigo, ba wurin shuka ba ne.

An ce in riƙa fesa musu ruwa a ganye saboda bushewar iska. Gaskiya ne?

Bushewar gaskiya ce. Ɗakin da hita ke aiki danshin iskarsa yakan sauka zuwa kashi 30 cikin 100 ko ƙasa da haka, alhali 'yan ƙurmi sun fi son 50 zuwa sama. Shi ne ke sa bakin ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Feshin ne ban ga amfaninsa sosai ba: cikin 'yan mintuna ya bushe, iska ta koma yadda take, ganyen da ya kwana a jiƙe a ɗaki mai sanyi kuma yana jawo tabo da fumfuna. Abin da ya fi shi ne a tara tukwanen wuri ɗaya, ko a kai masu rakin banɗaki ko kicin in akwai taga, ko a sayi 'yar na'urar nan mai fitar da tururi. Sansaberiya da alobera da kaktus babu ruwansu da wannan magana, busasshiyar iska ba ta dame su ba.

In sa mata taki ko za ta farfaɗo?

Kada ka sa. Shukar da ba ta toho ba ta cin taki, sai gishirinsa ya taru a ƙasa ya ƙona saiwa. Daga Oktoba zuwa Maris a ajiye kwalbar.

Sauya tukunya fa?

Shi ma a bari sai Maris ko Afrilu, sai dai in ruɓewa ce ta tilasta. Babbar tukunya ƙasa mai yawa ce, ƙasa mai yawa kuma ruwa ne mai yawa da ba mai sha. Tsakuwar da ake zubawa a gindin tukunya wai don ruwa ya tsane ba ta maye gurbin huji. Tukunyar da ba ta da huji, a huda ta.

Na ga wata yana siririya a ƙarƙashin ganye, ga kuma wasu ƙananan ƙudaje suna tashi daga ƙasar.

Abu biyu ne daban, kuma kowanne yana tona asirin yadda ake kula da shukar. Yanar ta wasu mitsi-mitsin ƙwari ce dangin gizo-gizo, ba su kai milimita ɗaya ba, zafi da bushewar iska suke so. Suna tsotse ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari, ya dusashe. Riƙe farar takarda a ƙarƙashin ganyen ki ɗan buga shi. In ɗigon da suka zubo sun fara tafiya, su ne. Ki ware shukar daga sauran, ki kai ta banɗaki ki wanke ganyen sama da ƙasa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sannan ki fesa ruwan sabulu mara ƙarfi ko man darbejiya da aka sirka. Wanki ɗaya ba ya isa, don ƙwansu na nan; a maimaita duk kwana 5 zuwa 7 har sau uku ko huɗu.

Ƙudajen kuwa jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ta kira su, a samanta tsutsarsu ke rayuwa. Bari saman ya bushe sosai tsakanin ban ruwa, ki kafa takardar nan mai ɗorawa mai danƙo ta kama manyan. Akwai na uku, wani fari mai kama da ɓurɓushin auduga da ke laɓewa a hammatar ganye. Shi kuma a dangwali sifirit da auduga a bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Zan je gida hutun Disamba, mako uku ko huɗu. Yaya zan yi da su?

Allah ya kai ka lafiya. Wannan ne lokacin da tafiya ta fi sauƙi a kansu, tunda ba sa shan ruwa sosai. Ka ba su ruwa ana jibi za ka tashi, ka zubar da na faranti, ka janye su daga jikin gilashi, ka tara su wuri ɗaya mai haske, ka bar labule a buɗe. Kada ka kashe hitar gidan gaba ɗaya. Saita ta wajen digiri 13 zuwa 15, hakan ma yana kare bututun ruwa daga daskarewa. Masu saurin ƙishi a yi musu lagwani: igiyar auduga, kai ɗaya a kwanon ruwa, ɗayan a binne cikin ƙasar tukunya. In za ka bar wa maƙwabci mabuɗi, ka ja masa kunne kada ya yi musu kirki da yawa.

Sannan a dawowa kada ka cusa dashen alobera ko reshen wani abu cikin akwati. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka duk suna neman takardar shaidar lafiyar shuka, in babu sai a ƙwace a filin jirgi.

Na sayi jar shukar nan ta Kirsimeti, ko mako ba ta yi ba ta zube.

Foyinsetiya ke nan, 'yar Meziko ce, ba ta jure ƙasa da digiri 13. Galibi tun kafin ta iso gida aka cuce ta: ko dai an jera ta a bakin ƙofar kanti iska na bugunta, ko an fito da ita tsirara zuwa mota. A wuraren da sanyi ke sauka ƙasa da sifili, 'yan mintuna sun isa. Duk shukar da za a saya a wannan lokaci, a zaɓi ta can cikin kanti, a naɗe ta ruf da takarda, a wuce gida kai tsaye.

Mu a nan Kano da Zariya fa? Duk wannan ya shafe mu da hunturu?

Kaɗan daga ciki. Mu haske bai taɓa yanke mana ba, ko da hazo ya rufe gari. Matsalarmu iska ce. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma a bushe take ƙamas, danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da ke tsattsage leɓe da dunduniya ita ce ke zuƙe ganye. Don haka wanda ya karanta shawarar Turawa ta a rage ruwa ya ɗauke ta yadda take, shukarsa ta baranda za ta bushe a gabansa. 'Yar ƙaramar tukunyar ƙasa ko baƙar ledar da masu fulawa ke sayar da dashe a ciki tana iya neman ruwa kullum. Gwajin yatsa dai shi ne alƙali, a can da nan.

A yi ban ruwa da safe, bayan rana ta ɗan ɗaga. A matsar da tukwane jikin bangon da ke tare iska, wato ɓangaren kudu ko yamma na gini. A rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye don danshi ya daɗe, amma a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Sai ƙura. Ja yatsa a kan ganyen da ya kwana biyu a baranda ka ga layin kore da zai fito tsakiyar fari. Duk abin da ya rufe shi ɗin nan yana tare haske. A goge manyan ganye da jiƙaƙƙen tsumma, hannu ɗaya na tallafe da shi ta ƙasa, ƙanana kuma a watsa musu ruwa. Man shafawa da madara da wasu ke gogawa don ƙyalli, ƙura kawai suke ƙara kamawa. Ruwan wanki mai omo ba na shuka ba ne. In kuma farin gishiri ya fara fitowa a bakin tukunya, kamar yadda ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke sa wa, a kwarara mata ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya wanke shi ta hujin ƙasa.

Sanyin daren Kano bai cika kashe shuka ba. A Jos da tsaunin Mambila ne ya kamata a shigar da masu raki ciki da dare. Ga sauranmu, babban gwajin yana gaba, zafin Maris da Afrilu; kafin ya iso a nema musu inuwa.

Ƙariyata ta zubar da ganye duka. Ta mutu ne?

Matsa gindinta. In da tauri, lafiyarta ƙalau, haka take yi da rani ko a daji, kuma a lokacin ne ma takan yi furen nan nata mai ruwan hoda. Rage mata ruwa sosai. Gindin da ya yi laushi shi ne abin tsoro. A wanke hannu bayan an taɓa ruwan jikinta, dafi ne.

Tunda ana rufe tagogi, shuka ba za ta shanye mana iska da dare ba? Wasu kuma sun ce tace iskar take yi.

Duka biyun an zuzuta su. Iskar da 'yan tukwane ke shaƙa da dare ba ta kai ta mutum ɗaya da ke kwance a ɗakin ba. Maganar tacewa kuma ta samo asali ne daga wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, amma a cikin rufaffun akwatuna aka yi shi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel sun sake nazarin irin waɗannan gwaje-gwaje, suka nuna cewa sai an cika ɗaki maƙil da shuke-shuke kafin su yi abin da shigar iskar waje ke yi. Wannan ya sa dole a faɗa ƙarara: wanda ya shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, babu shukar da za ta cece shi daga gubar hayaƙin.

Yara suna yini a ɗaki yanzu. Akwai wadda zan yi hattara da ita?

Akwai. Difenbakiya mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, da monstera, da mai yaɗon nan da ake sa wa a kwalbar ruwa, duk suna ƙona baki su kumbura harshe in an tauna. A ɗaga su sama inda hannun mai rarrafe ba ya kaiwa. In yaro ya riga ya tauna, a wanke masa baki, a tafi asibiti da ganyen a hannu.

Yaushe zan koma ba su ruwa da taki kamar da?

Shukar ce za ta nuna. Wajen ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris za ka ga sabon toho a kan reshe, ka kuma lura tukunyar ta fara bushewa da wuri. Daga nan sai a ƙara ruwa sannu a hankali, a fara taki da rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, a datse dogayen rassan da suka yi siriri. Wadda za a fitar waje kuma a jira har sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10, wanda a Ingila yakan kai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a fara ajiye ta a inuwa na mako ɗaya ko biyu kafin ta ga rana kai tsaye.